Sunan Ɗan Fari

Ranar Litinin da la'asar, a filin wata makarantar firamare a Gagarawa, Rakiyya Ubale ta sa mutum fiye da ɗari biyar kuka, ita kuwa ko gumi ba ta yi ba. Sana'arta ke nan. Shekara goma sha bakwai tana yin ta, tun tana sakandaren 'yan mata a Gumel, inda ta fara fitowa a matsayin tsoho mai gemun auduga saboda babu namiji a makarantar. Daga nan ta shiga wata ƙungiyar wasan daɓe ta cikin gari, masu yawo ƙauyuka suna wasan rigakafi da na tsaftar rijiya, kafin 'yan fim na Kano su gano cewa fuskar yarinyar nan tana magana ko da bakinta a rufe yake. Ta fito a likita, ta fito a mahaukaciya, ta fito a mai tuwo-tuwo. Amma wasan da ya ɗaga ta sama guda ɗaya ne. Shi ya ciyo mata lambar gwarzuwar 'yar wasan daɓe a Abuja, da aka mayar da shi fim kuma ya sake ciyo mata wata. Sunansa Gindin Rumbu, kuma shi suka ɗauko yanzu suna zagaya garuruwan ƙasar Gumel da shi: yau Gagarawa, Laraba Ɗanzomo, Alhamis Maigatari ranar kasuwa, sannan a rufe a Gumel.

Labarin wasan ba shi da wani tsawo. Wata Bafulatana ce ɗanta na fari ya rasu. Kowa ya san uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta jan sa a jiki a gaban mutane, in ya mutu ma ba ta kuka inda ido zai gan ta. Matar nan ta zauna karɓar gaisuwa kwana bakwai idonta ƙamas. Rana ta takwas, da 'yan zaman makoki suka watse, sai ta ja ƙafarta ta hagu ta zaga bayan rumbu, ta durƙusa, ta ciji gefen zanenta, ta jingina goshi da rumbun, ta saki zanen, ta kira sunan yaron sau ɗaya tak. A nan ake tashi. Minti hamsin ana tafiya saboda kalma ɗaya, amma duk inda Rakiyya ta faɗe ta, har samarin nan masu zuwa kallo don su yi ihu sai ka ga sun sunkuyar da kai suna cewa wani abu ne ya faɗa musu a ido.

'Yan jarida sun sha tambayarta inda ta samo jan ƙafar nan da cizon zanen. Takan gyara zama ta ce bincike ne da zama da tsofaffi. Ƙarya take yi. Sata ta yi, kuma a gidansu ta yi ta. Tana da shekara goma sha ɗaya, a rugarsu da ke gefen Ɗanzomo, yayanta Ismail ya kai bijimai biyu kasuwar Maigatari wata ranar Alhamis. A hanyar dawowa motar da ya hau ta kife, aka kawo shi a naɗe cikin tabarma. Mahaifiyarsu, Inna Amatullahi, ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba, har mata suka riƙa kafa misali da ita a rugage. Rana ta takwas Rakiyya tana tsugune a bayan zana tana kwasar ƙwan zabi, sai ta ga Inna ta zago bayan rumbu. Abin da ta gani ta kafar zanan nan, shi ne abin da ta je Abuja ta karɓo wa lambar yabo bayan shekara ashirin.

Da a ce tafiyar kawai ta ɗauka, da da sauƙi. A rubutun wasan sunan yaron Sha'aibu ne, da shi kuma suka yi gwaji wata biyu cur. Amma ranar da aka fara nuna shi a Kano, goshinta na taɓa rumbun katakon nan bakinta ya ƙwace, ta kira sunan yayanta. Zauren ya yi tsit, sannan ya ɓarke da tafi. Daraktansu, Mu'azzam, ya tare ta a bayan labule, ya ce ko me ta yi yau kada ta kuskura ta canza shi. Ba ta canza ba. Haka ya shiga fim, fim ya shiga wayoyi, wayoyi suka kai shi har rugarsu. Shekara biyu ke nan Rakiyya tana aika atamfa da sabulu da sukari gida, tana kira a gaisa, amma ƙafarta ba ta taka Ɗanzomo ba. Tsoron haɗa ido da Inna take yi. Da Mu'azzam ya sa garin cikin jerin, sai ta lallashi kanta da cewa Inna ba ta zuwa taro, ko na biki sai ya zama dole.

Da aka tashi wasan Gagarawa, Rakiyya na zaune a kan benci a bayan bas ɗinsu tana goge zanen tsufan da aka yi mata a fuska, sai inuwar mutum mai sanda a kafaɗa ta tsaya a gabanta. Tun kafin ta ɗaga kai ta gane ko wane ne, domin ta san takalman robar nan. Baffa Cindo ne, ƙanin mahaifinta, wanda gida ya koma hannunsa tun rasuwar Ubale. Ta sauko daga bencin ta durƙusa.

"Baffa, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya," in ji shi. Bai ce ta tashi ba.

"Wani uzuri ne ya kawo Baffa Gagarawa?"

"Takanas na zo. Shekara biyu ana ba ni labari, na ce bari in gani da idona kafin in yi magana, kada in ɗauki alhakinki." Ya sauke sandar ya dogara ta. "Na baro matar yayana da safe tana tatsa. Na zo Gagarawa na tarar da ita a kan katako tana jan ƙafa, mutane na tafa mata."

"Baffa, wasa ne."

"Wasa ne. Shi ya sa duk duniya kika rasa sunan da za ki kira sai nasa."

Rakiyya ta dubi ƙasa.

"Innarki ta sa an wanke mata ƙwaryar nono," in ji Baffa Cindo. "Ta ce ranar Laraba za ta kai nono filin makaranta."

Shekara goma rabon Inna da tallan nono, tun da gwiwar nan ta matsa mata. Macen da za ta sauko da ƙwaryar da ta rataye shekara goma, ba ciniki ne ya fito da ita ba.

"Ki saurare ni, 'yar Ubale. Matar nan shekara ashirin da biyu ana cewa a yi haƙuri irin na Amatullahi. Yanzu in ta wuce bakin rijiya, mata sai su bi ƙafarta da kallo. Ba ta ce komai ba, kin san halinta. Abin da ya shiga waya ya riga ya shiga, ba ni da yadda zan yi da shi. Amma jibi tana zaune, ga surukanta, ga jikokinta, ga gari. In kika kama sunan nan a gaban idonta, kin tsiraita ta, kuma kin rasa uwa. Ba ni zan raba ku ba. Ita ce ba za ta ƙara iya ɗaga kai ta dube ki ba har ta koma ga Allah."

"Me ya sa za ta zo, Baffa?"

"Don ta ga ko za ki iya. Me kuma zai kawo ta?"

Ya mayar da sandarsa kafaɗa ya nufi tasha. Rakiyya ta daɗe a durƙushe, rabin fuskarta na tsohuwa, rabi nata, har sai da mai kwalliya ta zo ta ce ana jiran ta a mota.

Washegari a masaukinsu na Gumel ta sami Mu'azzam a gindin darbejiya, wayoyi uku a gabansa, yana shan shayi. Mutumin kirki ne, kuma ya san aiki, sai dai ɗan birni ne. Shi ma ɗan fari ne, amma tasa uwar tun daga soro take ƙwala masa kira da sunansa har maƙwabta su ji. Rakiyya ta zayyana masa komai, har da ƙwan zabin, abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ta ce gobe za ta mayar da sunan da ke cikin rubutu.

"To gwada mu ji," in ji shi.

Ta durƙusa a jikin bishiyar, ta ciji zane, ta saki, ta kira Sha'aibu. Sau uku ta yi. Duk ukun ya fito kamar tana kiran mai shayi ya ƙaro sukari, kuma ita ma ta ji hakan da kunnenta.

"Ko da ya fito daidai ma," in ji Mu'azzam, "yaran Ɗanzomo sun haddace fim ɗin nan. Kina cewa Sha'aibu, su za su gyara miki daga baya, da ƙarfi kuma. Kin ga an faɗi sunan, ke kuma kin yi biyu babu."

"To a cire Ɗanzomo."

"An gaya wa dagaci, an yi shela, 'yan talbijin sun taso daga Dutse. Kin san abin da suka zo ɗauka? Gwarzuwa ta koma garinsu. Kalmar nan suka zo ɗauka, ba rumbun katako ba."

"Uwata ce, Darakta."

"Na sani, wallahi na sani. Ki kira ta mana ki tambaye ta, a huta."

Rakiyya ta yi wata 'yar dariya mai ɗaci. Ta yaya za ka tambayi mace ko ta yarda a kira sunan da ita ba ta kira, a kan abin da ke da ita kuke nuna kamar bai faru ba? Amma duk da haka ta koma ɗaki ta ja ƙofa, ta kira Sharifa, matar ƙaninta Siddiq, mai wayar da ake samun Inna ta ciki. Aka gaisa, aka kai wayar. Rakiyya ta yi ƙasa da murya don kada na waje su ji. Ba ta buƙatar ɗaga ta, domin kunnen Inna ras yake, tana daga ɗaki take gane wace saniya ce ta yi tari a garke.

"Inna, ina wuni?"

"Lafiya. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi."

"Inna, gobe..."

"An ce da la'asar ne," in ji Inna.

"E, bayan la'asar."

"To."

Sai ta ji muryar Sharifa, wato an mayar da wayar ke nan. Rakiyya ta zauna a bakin gado ta yi ta juya 'yar maganar nan, ba ta gano ko fushi ne a ciki ko gajiya ba. Ranar ko abinci ba ta iya ci ba.

Ranar Laraba suka biya ta Sule Tankarkar suka ɗauki janareto da bencina, rumbun katakon na ɗaure a saman bas. Kafin a idar da sallar la'asar filin makarantar Ɗanzomo ya cika maƙil, maza gefe, mata gefe, wasu a kan bishiya. An ba 'yan wasa wani aji su yi shiri a ciki. Mai kwalliya ta ja wa Rakiyya layukan tsufa a goshi da gefen baki, ta ɗaura mata shuɗin zane, ta maƙala mata ƙaramin makirufo a wuyan riga. Da ta gama, Rakiyya ta matsa jikin taga ta leƙa.

Inna na nan a sahun gaba na mata, a kan wani buhu, ƙafar hagu a miƙe. Ta ƙara ƙanƙancewa cikin shekara biyun nan. Ƙwaryar na gabanta a rufe da faifai. Wata mata ta zo da kwano za ta sayi nono, Inna ta girgiza kai ba tare da ta ɗaga faifan ba. A can ɓangaren maza kuwa Baffa Cindo na tsaye, sanda a kafaɗa, bai nemi wurin zama ba.

"Me kika yanke?" in ji Mu'azzam daga bayanta.

"Ban sani ba."

"Rakiyya, nan ba fim ba ne da za a ce a yanke a sake ɗauka."

"Na fi ka sani."

Aka tada janareto, mai gabatarwa ya jero lambobin yabonta ɗaya bayan ɗaya, ya ce ga 'yar gida ta dawo gida. Daga ƙofar ajin zuwa dandamali taku talatin ne, kuma dole ta yi su tana jan ƙafar hagu. A kowane gari shiru ake yi in ta fito. A nan wani gunaguni ne ya ratsa ɓangaren mata, kawuna suka riƙa juyawa daga kanta zuwa kan Inna, su dawo kanta. Wata tsohuwa ta rufe baki da hannu. Rakiyya ta so ta rage ɗingishin, amma ƙafar ta riga ta san aikinta, ta ƙi ba ta haɗin kai. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji a kan dandamali ba.

Wasa ya ci gaba. 'Yan wasa na shigowa biyu-biyu suna ta'aziyya, tana amsawa da amin, idonta a bushe. Mai fitowa a baƙo mai ƙishirwa ya yi ɗan barkwancinsa, ba wanda ya yi dariya. Duk sanda Rakiyya ta saci kallon sahun gaba sai ta ga Inna yadda take, hannu bisa faifai, fuska ba ta nuna komai. Ba ma ita Innar ke kallo ba. Rumbun take kallo.

Masu makoki suka watse. Dandamali ya rage daga ita sai rumbun. Ta miƙe da ƙyar kamar yadda ta saba, ta duba hagu, ta duba dama, ta ja ƙafa ta zaga. An girke rumbun a karkace ne don 'yan kallo su ga gefen fuskarta, kuma yau gefen ya faɗo daidai saitin ɓangaren mata. Ta durƙusa. Ta ciji gefen zanen. Ta jingina goshi da katakon, ta ji zafin rana a jikinsa. Ta saki zanen, ta buɗe baki.

Ta wutsiyar ido ta ga Inna ta motsa. Ta ɗan rankwafo gaba, ta sa yatsa ta janye mayafi daga kunnenta.

Maganar Baffa Cindo ta dawo mata: don ta ga ko za ki iya. Sunan na nan a kan harshenta, ya cika mata baki, abin da ya rage kawai ta saki numfashi ya fita da kansa kamar yadda ya fita sau ɗari. Ta riƙe. Lasifika na watsa numfashinta har ƙarshen fili. A gefen kyamara Mu'azzam ya ɗora hannu biyu a ka. Wani saurayi a can baya ya ja iska zai taya ta, na kusa da shi ya dafe masa baki. Mutum wajen dubu a filin nan, babu wanda bai san sunan ba, kuma babu wanda ya faɗa, saboda Inna Amatullahi na zaune.

Rakiyya ta rufe bakinta. Ta dafa rumbun ta miƙe, ta ja ƙafa ta sauka.

Tafin ya zo a makare, kuma a warwatse. Kafin ta shige aji ta waiga. Baffa Cindo ya sauke sandarsa, ya gyaɗa kai sau ɗaya. Inna kuwa ta daɗe a rankwafe yadda take, sannan ta mayar da mayafin kan kunnenta a hankali.

"Kin kashe wasan," in ji Mu'azzam da ya shigo. "Kin kashe shi a gaban kyamara. Me zan ce da mutanen nan?"

"Ka ce musu na manta."

Ta ciro makirufon ta miƙa masa. Faɗansa bai dame ta ba ko kaɗan. Rabon da ta ji numfashi ya sauka har cikinta haka, tun kafin fim ɗin ya fito. Ta ɓata wasa ɗaya, ta tsira da uwa, kuma a ganinta ta yi ciniki mai kyau.

Sai aka yi sallama a bakin ƙofa, da murya ƙasa-ƙasa. Inna ce, ƙwarya a hannu. Mu'azzam ya rusuna ya gaishe ta, ya yi wa sauran 'yan wasa alama da ido, suka sulale waje ɗaya bayan ɗaya. Rakiyya ta zube a gabanta, fuskarta har yanzu da layukan tsufa. Inna ta zauna a kan wani bencin ɗalibai, ta ajiye ƙwaryar. Yadda ta taɓa ƙasa ba nauyi, Rakiyya ta gane babu komai a ciki.

"An tashi ke nan?" in ji Inna. Allon bango take kallo.

"An tashi, Inna."

"A na cikin waya akwai saura."

Rakiyya ta ɗago kai da sauri, ta sake sunkuyar da shi. "Inna, ki yafe mini. Na ga abin da bai kamata in gani ba ina yarinya, na kai shi duniya. Baffa ya ce in na faɗa a gabanki..."

"Baffanki ya san shanu," in ji Inna. "Na san kina bayan zanan nan ranar. Na ga ƙafafunki. Ƙwai biyu kika fasa."

Ta murza gefen faifan da yatsa. Da ta ci gaba, da allon bangon take magana.

"Tun ranar da aka kai shi, mutanen gidan nan suka yi mini kara. Ba wanda ya ƙara faɗa. Ko hira ake, in na doso sai a canza magana. Da aka haifa wa Siddiq namiji aka mayar da sunan, na ce to, yanzu zan riƙa ji a tsakar gida. Tun ranar suna suka koma ce masa Ɗanmalam, wai saboda ni. Ni ba zan faɗa ba, su ba za su faɗa ba. Shekara ashirin da biyu. Sai ya zama kamar ban taɓa haihuwarsa ba."

Rakiyya ta ɗago kai ta dube ta.

"Bara ina tankaɗe a bayan ɗakin Sharifa, na ji a wayarta. Sau ɗaya. Da ta ga inuwata sai ta kashe, ba ta ƙara kunnawa ba, yarinyar kirki ce. Ni kuwa da wane baki zan ce ta kunna? Da aka yi shela za ku zo, na ce a fili ne, ba wanda zai iya kashewa." Ta jawo ƙwaryar kusa da ƙafarta. "Shi ke nan. Allah bai yi ba. Bari in je, shanu sun kusa dawowa."

Ta dafa bencin za ta miƙe. Rakiyya, wadda ke sa gari guda kuka ba ta yi gumi ba, ta ji hawaye na wanke mata layukan kwalliyar suna gangarowa baƙi-baƙi. Baƙin ciki ya cika ta, da haushin kanta. Matar nan ta jawo gurguwar ƙafa da ƙwarya wayam ta ratsa gari, ta zauna a gaban idon kowa, ta janye mayafi, ita kuma ta yi mata irin karar da aka shekara ashirin da biyu ana yi mata.

"Inna, tsaya."

Ta rarrafa ta tura ƙofar ajin ta rufe. Ta dawo ta durƙusa dab da gwiwar Inna. Ba ta ciji zane ba, ba ta nemi muryar nan ta dandamali ba. Da muryarta ta gida ta faɗa, yadda take kiransa in an aike ta ta ce ya zo ya ci tuwo.

"Hamma Ismail."

Inna ta kau da kai wajen bango, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kamar yadda kowace uwa ta gari za ta yi. A waje ana kwance lasifika, ana ɗora bencina a mota.

"Me kika ce?" in ji ta. "Kunnen nan ya fara nauyi."

Rakiyya ta matso, ta sake faɗa, a hankali, ta ba kowace gaɓa haƙƙinta.

Inna Amatullahi, wadda tana daga ɗaki take gane wace saniya ce ta yi tari a garke, ta sa yatsa ta janye mayafin daga kunnenta, ta ce har yanzu ba ta ji ba.